Rabin fanshon da ya ragu da dala 125: nazarin shari'ar Howell a Kotun Ƙolin Amurka

A shekarar 1991 wata kotun iyali a jihar Arizona ta ƙasar Amurka ta raba auren wani sojan sama da matarsa, kuma a cikin takardar hukuncin aka rubuta cewa matar za ta riƙa karɓar rabin fanshon da mijin zai samu idan ya yi ritaya, a matsayin dukiyarta ta kanta wadda ba ta haɗa da kowa ba. Kotun ta kuma umarci mijin da ya riƙa ba ta dala 585 kowane wata don ciyarwa har zuwa ranar da zai ajiye aiki. A 1992 ya tuɓe kaki, fansho ya fara fitowa, rabi nasa rabi nata, kuma haka aka yi ta tafiya har kimanin shekara 13.

A wajajen 2005 ne Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta duba lafiyar mutumin, ta tabbatar cewa yana ɗauke da rauni a kafaɗa wanda ya samo asali daga aikin soja, ta kuma ƙiyasta naƙasar a kan kashi 20 cikin 100. Wannan ƙiyasi ya ba shi damar karɓar kuɗin naƙasa duk wata. Sai dai dokar tarayya ta gindaya sharaɗi ga tsohon soja irinsa, cewa duk dalar da zai karɓa da sunan naƙasa sai ya sarayar da kwatankwacinta daga fanshonsa, domin kada gwamnati ta biya shi sau biyu. Ya zaɓi kuɗin naƙasar, kamar yadda kusan duk wanda ya sami kansa a wannan matsayi zai zaɓa, saboda ana cire haraji daga fansho amma ba a cirewa daga kuɗin naƙasa.

Lissafin abin da ya biyo baya shi ne tushen shari'ar gaba ɗaya, don haka ya kamata a bi shi daki-daki. Kafin wannan zaɓi fanshon ya kai kimanin dala 1,500 a wata, kowannensu yana ɗaukar 750. Da mijin ya sarayar da kimanin 250, abin da ya rage da sunan fansho 1,250 ne, rabinsa kuwa 625. Matar ta koma karɓar 625, shi kuma yana da 625 na fansho da 250 na naƙasa, jimla 875, ga kuma sauƙin haraji a kai. Baitulmalin gwamnati bai ƙara ko sisi a kan 1,500 ɗin da yake fitarwa ba, wanda ke nuna cewa ƙarin dala 125 da tsohon sojan ya samu gaba ɗayansa daga kason tsohuwar matarsa ya fito. A shekara guda asararta ta kai dala 1,500, wato daidai da kasonta na wata biyu cur, kuma ba a nemi yardarta ba domin doka ba ta buƙaci hakan ba.

A 2013 matar ta koma kotun iyali ta nemi a zartar da hukuncin 1991 yadda aka rubuta shi. Kotun ta ba ta gaskiya, ta ce haƙƙinta a kan rabin fanshon ya riga ya tabbata tun ranar da aka raba auren, ta kuma umarci mijin da ya tabbatar tana samun cikakken rabinta kamar ba a yi batun naƙasa ba. Kotun Ƙolin jihar Arizona ta amince da wannan a 2015. Mijin ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙolin Amurka, kuma shari'ar ta shiga kundi da sunan Howell da Howell, tunda ɓangarorin biyu suna ɗaya suke amsawa.

Dalilin da ya sa fansho ya shiga rabon dukiya

Mai karatu wanda ya tashi a ƙarƙashin fiƙihun Malikiyya zai iya mamakin yadda aka yi matar da aka rabu da ita take da kaso a fanshon tsohon mijinta tun farko. A tsarin da muka sani dukiyar miji daban ce, ta mata daban, aure ba ya haɗe su, kuma abin da ke kan miji bayan saki shi ne irin su ciyarwar idda, da ragowar sadaki idan akwai, da ɗawainiyar 'ya'ya. Arizona kuwa tana cikin jihohin Amurka tara da ke bin tsarin tarayyar dukiya, tare da irin su Kalifoniya, Texas, Nevada da Louisiana. A waɗannan jihohi duk abin da ɗayan ma'aurata ya samu da guminsa a tsawon zaman auren na su biyu ne, ko da sunan mutum ɗaya ne a kan takardar albashi. Sauran jihohin ba su ce rabi da rabi kai tsaye ba, alƙali ne yake raba abin da aka tara gwargwadon abin da ya ga ya dace, amma su ma suna lissafa fansho a cikin dukiyar aure.

Hujjar ita ce fansho albashi ne da aka jinkirta biyansa. Aikin da ya haifar da shi an yi shi ne lokacin da auren yake da rai, saboda haka ranar da kuɗin ya fito ba ta sauya asalinsa. Wannan hujja ta fi ƙarfi a gidan soja fiye da ko'ina. Sojan Amurka da ya cika shekara 20 yana aiki yana fara karɓar fansho nan take idan ya yi ritaya, ko da shekarunsa ba su wuce arba'in ba, kuma a tsohon tsari abin da yake samu ya kai kimanin rabin ainihin albashinsa. A cikin waɗannan shekaru 20 ana ɗaga iyali daga wannan sansani zuwa wancan duk bayan shekara biyu ko uku, wani lokaci har zuwa wata ƙasa. Matar soja ba ta daɗewa a wuri ɗaya balle ta yi tsayin daka a wani aiki har ta tara nata fanshon, kuma yawan ƙaura yakan hana iyalin mallakar gidan da zai yi daraja. Idan irin wannan aure ya mutu, sau da yawa fanshon shi ne kaɗai babbar kadarar da za a raba. Dokar ba ta bambanta namiji da mace ba, mijin mace soja ma yana da irin wannan haƙƙi, amma tunda mafi yawan masu ritaya daga soja maza ne, mata ne galibi abin yake shafa.

Yadda dokar ta kai ga inda take

Ba a fahimtar hukuncin Howell na 2017 sai an koma baya shekara 36. A 1981, a shari'ar McCarty da ta taso daga Kalifoniya, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kotunan jihohi ba su da hurumin raba fanshon soja kwata-kwata, domin Majalisar Dokokin tarayya ta tsara shi ne a matsayin haƙƙin sojan shi kaɗai, kuma idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke sama. Alƙalan da suka yi rinjaye sun amince cewa halin da tsofaffin matan sojoji ke shiga yakan yi tsanani, amma suka ce gyaran yana hannun Majalisa.

Majalisa ta amsa da sauri. A 1982 ta kafa dokar kare haƙƙin ma'auratan sojoji bayan rabuwar aure, wadda 'yar majalisa Patricia Schroeder ta jihar Colorado tana cikin waɗanda suka tsaya mata. Dokar ba ta ba kowace mace kaso kai tsaye ba. Abin da ta yi shi ne ta buɗe wa kotunan jihohi ƙofa su ɗauki fanshon soja a matsayin dukiyar aure idan dokar jiharsu ta yarda da haka. Amma a nan gizo ke saƙa: ba duka fanshon aka buɗe ba, sai abin da ya rage bayan an cire wasu abubuwa da dokar ta lissafa, kuma a cikin abubuwan da ake cirewa har da duk abin da soja ya sarayar don karɓar kuɗin naƙasa.

Shekara bakwai bayan haka, a 1989, shari'ar Mansell ta gwada wannan togaciya. Ma'auratan sun yi shekara 23 tare, suna da 'ya'ya shida, kuma lokacin da suka rabu a 1979 mijin ya riga ya sarayar da wani ɓangare na fanshonsa don kuɗin naƙasa, duk da haka ya sa hannu a yarjejeniyar ba matar rabin jimlar kuɗin har da abin da ya sarayar. Daga baya ya nemi a cire wannan ɓangare. Kotun Ƙoli, da rinjayen bakwai a kan biyu, ta ce lafazin dokar 1982 a fili yake, kotun jiha ba ta da ikon raba abin da aka sarayar. Mai shari'a Thurgood Marshall, wanda ya rubuta hukuncin, bai ɓoye cewa bin lafazin dokar zai cutar da mata da yawa ba, amma ya ce kotu ba za ta murɗe dokar don ta kai ga sakamakon da zai yi wa zuciya daɗi ba. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta yi saɓani mai zafi, tana cewa an bar wa tsohon miji damar rage kason matarsa shi kaɗai, ba da yardarta ba, don kawai ya ƙara abin da ke shiga aljihunsa bayan haraji. Wani abin lura shi ne da shari'ar ta koma Kalifoniya, kotun can ta ƙi sake buɗe tsohon hukuncin, bisa ƙa'idar cewa hukuncin da ya riga ya kammala ba a tayar da shi, saboda haka mijin ya yi nasara a Washington amma bai tsira daga biyan ba.

Bayan Mansell tambaya ɗaya ta rage, kuma ita ce ta raba kan kotunan jihohi kusan shekara 30. A Mansell sarayarwar ta riga sakin. To idan saki ne ya riga sarayarwa fa, wato kotu ta riga ta ba mace rabin cikakken fansho, sannan bayan shekaru mijin ya zaftare shi? Kotunan jihohi da yawa, har da ta Arizona, sun ga cewa nan lamarin ya bambanta. A ganinsu ba kuɗin naƙasa suke rabawa ba, suna umartar mijin ne ya cike giɓin da ya jawo a dukiyar da ta riga ta zama ta wani, kuma yana iya biya daga duk inda ya ga dama.

Abin da Kotun Ƙoli ta yanke

An saurari shari'ar ranar 20 ga Maris 2017, kuma lauyoyin gwamnatin tarayya da kansu sun tsaya a ɓangaren matar, suna goyon bayan hukuncin Arizona. Duk da haka, ranar 15 ga Mayu 2017, alƙalai takwas da suka zauna kan shari'ar duka suka rushe wannan hukunci. Mai shari'a Neil Gorsuch bai shiga ba domin bai hau kujera ba sai bayan an gama sauraro. Mai shari'a Clarence Thomas ya yarda da sakamakon, ya ware kansa ne kawai daga wani sashe na hujjar.

Mai shari'a Stephen Breyer ne ya rubuta hukuncin, kuma ya tsaya a kan abubuwa biyu. Na farko, batun cewa haƙƙin matar ya riga ya tabbata tun 1991. Amsarsa ita ce kotun jiha ba za ta iya tabbatar wa mutum abin da dokar tarayya ba ta ba ta ikon bayarwa ba. Abin da matar ta karɓa a 1991 rabin fansho ne wanda tun ranar farko yake ɗauke da sharaɗi a jikinsa, wato yiwuwar wata rana mijin ya sarayar da wani ɓangare. Faruwar sarayarwar bayan shekara 13 ba ta ƙwace mata komai ba a idon doka, ta dai bayyana cewa dukiyar da aka ba ta tun asali darajarta ba ta kai yadda aka zata ba. Na biyu, batun cewa Arizona ba rabo take yi ba, biyan diyya take umarta. Breyer ya ce wannan sauya wa tuwo suna ne kawai, domin adadin da aka ce mijin ya biya daidai yake, dala da dala, da abin da matar za ta samu da an raba kuɗin da aka sarayar, kuma duk sunan da aka laƙaba masa yana rushe abin da Majalisa ta tsara.

Kamar Marshall kafinsa, Breyer ya amince cewa akwai cutarwa. Ya kuma nuna hanyoyi biyu da suka rage wa kotunan iyali. Tun lokacin rabon dukiya alƙali yana iya la'akari da cewa fanshon soja abu ne mai iya raguwa, ya ƙimanta shi a kan haka, ya daidaita da sauran kadarori. Sannan alƙali yana iya duba raguwar da ta faru idan yana ƙayyade kuɗin ciyarwa ko yana sake ƙayyade shi. A nan ya dogara da shari'ar Rose ta 1987, inda Kotun Ƙoli ta yarda cewa ana iya tilasta wa tsohon soja mai naƙasa ya biya kuɗin ɗawainiyar 'ya'yansa ko da kuɗin naƙasa ne kaɗai abin da yake samu, domin an tanadi wannan kuɗi ne don shi da iyalinsa.

Nauyin hujjojin ɓangarorin biyu

Hujjar tsofaffin sojoji tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Kuɗin naƙasa ba ladan shekarun aiki ba ne, fansar jiki ne, na kafaɗar da ba ta ɗaguwa, ko kunnen da ya daina ji, ko barcin da ya ƙaurace wa mutum. Ciwon na mutum ɗaya ne, shi zai kwana da shi ya tashi da shi bayan an raba auren, kuma ƙarfin neman abincin da ya ragu nasa ne. Shi ya sa dokar tarayya ta killace wannan kuɗi daga masu bin bashi da masu ƙwace kadara. Babu kuma wani abu a shari'ar da ke nuna cewa mutumin ya yi ha'inci. Hukuma ce ta duba shi ta tabbatar da raunin, kuma abin da doka ta ba shi ya ɗauka.

Duk da haka ina ganin an zalunci matar, ko da yake ba alƙalan ne suka zalunce ta ba. Da kuɗin naƙasar sabon kuɗi ne da gwamnati ta ɗora a kan fansho, da ba ta da ta cewa, kuma ba ta nemi ko sisi daga irin wannan ba. Abin da ya faru shi ne dala 250 da jiya sunansu fansho, kuma tana da rabinsu da hukuncin kotu a hannu, yau an sake musu suna sun zama naƙasa, ta rasa rabin nata. Idan hujjar sauya suna ta isa ta rushe hukuncin Arizona, ya kamata a lura cewa asarar matar ma daga sauya suna ta fito. Bashin raunin da soja ya ji a bakin aiki yana wuyan ƙasar da ya yi wa aiki, amma a wannan tsari ƙasar ba ta fitar da komai ba in ban da harajin da ta yafe, sai aka ɗauko diyyar daga hannun wadda ta raka shi shekarun aikin. Mutum biyu da kowannensu ke da haƙƙi na gaskiya aka bari suna jan igiya ɗaya, alhali wanda ya kamata ya biya yana gefe.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da cewa laifin na tsarin ne shi ne Majalisa da kanta ta riga ta gane matsalar, ta gyara rabi ta bar rabi. Haramcin haɗa fansho da kuɗin naƙasa tsoho ne, tun ƙarshen ƙarni na 19 yake. Daga Janairun 2004 aka fara janye shi a hankali ga waɗanda suka cika shekara 20 suna aiki kuma aka ƙiyasta naƙasarsu a kan kashi 50 ko fiye, har aka kammala janyewar a 2014. Irin waɗannan yanzu suna karɓar duka biyun, fanshonsu ya dawo cikakke, kason tsofaffin matansu ma ya dawo tare da shi. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji tana ƙiyasta naƙasa ne goma-goma, daga sifili zuwa 100, saboda haka masu kashi 10 zuwa 40 su ne aka bari a tsohon tsari, kuma mutumin da ke cikin wannan shari'a, mai kashi 20, a cikinsu yake. Da an ƙiyasta rauninsa a kan 50, da tun daɗewa kason matar ya koma yadda yake ba tare da an je kotu ba.

A kan fassarar doka kuwa, da wuya a ce Breyer ya yi kuskure. Lafazin dokar 1982 bai ce a cire abin da aka sarayar kafin saki kaɗai ba, cewa ya yi a cire abin da aka sarayar. Kuma a 1991, lokacin da ake rubuta hukuncin rabuwar, Mansell ta riga ta shekara biyu a kundi, don haka haɗarin sananne ne ga duk lauyan da ya san aikinsa. Tun ran gini tun ran zane: da an ba matar wata kadara mai tsayayyen daraja maimakon wani ɓangare na fanshon, ko da an bar ƙofar ciyarwa a buɗe maimakon a ɗaure ta da ranar ritaya, da tana da abin kamawa. Sai dai wannan amsa tana ɗora nauyin ne a kan wadda ta fi ƙarancin ƙarfi a ranar rabuwa, domin macen da ta kwashe shekaru tana bin miji daga sansani zuwa sansani ba lalle ne tana da kuɗin ɗaukar lauyan da ya ƙware a dokokin fanshon soja ba, kuma gidan da ba shi da wata kadara sai fansho ba shi da abin da za a daidaita da shi.

Abin da ya biyo baya

Hukuncin Howell ya hana alƙali ya ɗora wa tsohon soja biyan giɓin bisa ikon kotu, amma bai yi magana a fili a kan wanda ya ɗauki alkawarin da kansa ya sa hannu ba. Nan ma kan jihohi ya rabu. Kotun ɗaukaka ƙara ta Minnesota, a 2017 ɗin nan, ta ƙi tilasta raba kuɗin naƙasa duk da cewa ma'auratan sun amince da hakan a rubuce. Kotun Ƙolin Nevada a 2022 da ta Virginia a 2023 sun bi ta ɗaya hanyar, suka ce baligin da ya yi yarjejeniya da son ransa cewa zai cike duk giɓin da sarayarwarsa ta jawo ana iya kama shi da maganarsa, tunda da zarar kuɗi ya shiga hannunsa yana da ikon kashe shi yadda ya so, har da cika alkawari. Sakamakon haka mata biyu masu takarda iri ɗaya suna iya samun hukunci daban, gwargwadon jihar da aka raba aurensu.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji da ke kewaye da wannan haƙƙi waɗanda jama'a kan rikita. Ofishin biyan kuɗi na Ma'aikatar Tsaro ba ya tura wa tsohuwar mata kasonta kai tsaye sai idan auren ya kai shekara 10 da suka zo daidai da shekara 10 na aikin soja, kuma abin da yake turawa da sunan rabon dukiya ba ya wuce rabin fanshon. Wannan sharaɗi na hanyar biya ne kawai, macen da aurenta bai kai haka ba kotu tana iya ba ta kaso, sai dai daga hannun tsohon mijin za ta riƙa karɓa. Fanshon kuma yana tsayawa ranar da sojan ya rasu, kason matar ya tsaya tare da shi, in ba an sa ta a cikin shirin tallafin magada ba, kuma idan kotu ta umarci a sa ta, shekara ɗaya take da ita daga ranar umarnin ta aika wa ofishin buƙatarta. Sannan a ƙarshen 2016 Majalisa ta sake taƙaita rabon, ta ce idan aka rabu soja yana bakin aiki za a lissafa kason ne a kan muƙaminsa da shekarun aikinsa na ranar rabuwa, ba a kan ƙarin girman da zai samu daga baya ba.

Ga matar da ke cikin wannan shari'a, Kotun Ƙoli ta mayar da batun Arizona domin a ci gaba da shi bisa sabon hukunci, kuma hanyoyi biyun da Breyer ya nuna duka sun zo mata a ƙuntace. Rabon dukiya an gama shi tun 1991. Kuɗin ciyarwa kuwa hukuncin rabuwar ya ɗaure shi da ranar ritaya, wadda ta zo a 1992, shekara 13 kafin raunin kafaɗar ya shiga takardun hukuma. Bayan wannan, tun 2010 majalisar jihar Arizona ta kafa dokar da ta hana alƙalanta yin la'akari da kuɗin naƙasar tsohon soja idan suna yanke ko za a ba da kuɗin ciyarwa da kuma nawa za a bayar.